Fok ɗin kekena ya daina shan gargada, zan iya buɗe shi da kaina?

Sabon_Hawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu keken dutse, dan Allah ina neman shawara kafin in yi aika-aika.

Wata takwas ke nan da na sayi keken nan na hannu, fok ɗinsa, wato shok ɗin gaba mai riƙe da taya, na iska ne ba na sifirin ba, tafiyarsa 120mm, wato iya nutsewar da yake yi. Wanda ya sayar min da bakinsa ya ce min shekara biyu ya yi yana hawa bai taɓa buɗe shi ba, a lokacin ni har daɗi na ji wai ba a taɓa shi ba, ashe ba abin jin daɗi ba ne. Da farko lafiya lau yake, in na bi ta kan tsakuwa ko saiwar bishiya ko a hannuna ba na ji. Yanzu kuwa ya zama kamar an sa min itace a gaba, in na danna kan keken a tsaye sai ya ƙi motsi ya ƙi motsi sannan ya faɗa gaba ɗaya lokaci guda, ƙananan duwatsu duk a wuyan hannuna suke ƙarewa, in na dawo daga hawa yatsuna har tsami suke.

Bayan wannan akwai wata ƙara ƙwas ƙwas da nake ji in na kama birkin gaba na jijjiga keken. Sannan na lura kamar fok ɗin ya gajarta, na sa ruwula na auna sandunan nan masu sheƙi na samu 105mm kawai ke waje ko ba kowa a kan keken. Kuma kullum akwai wani baƙin zobe na datti a jikin sandar hagu, in na goge ya dawo.

Gara in faɗi laifina tun yanzu kar a gano daga baya. Ina fesa masa WD-40 a bakin robar nan duk sati don na ga yana ɗan laushi in na fesa, kuma sau da yawa da injin wankin mota mai ƙarfin ruwa nake wanke keken saboda ya fi sauri.

Kayan aikin da nake da su alanki saiti ɗaya, sifana, famfon shok, shi ke nan. Sitikar jikin fok ɗin ta goge ban ma san ainihin samfurinsa ba. Gyaran sarƙa da giya da canza taya duk ina yi da kaina amma wannan tsoronsa nake ji wlh, kar garin neman gira a rasa ido. Wanda ya taɓa buɗewa ya taimaka.

Tsohon_Feda:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ajiye gwangwanin nan, kuma ka raba kekenka da injin wanki. Laushin da kake ji in ka fesa na minti goma ne, abin da yake yi shi ne wanke ɗan giris ɗin da ya rage a bakin sil ɗin, wato robar nan da kake fesawa, ya tura datti ciki, shi kuma ruwa mai ƙarfi ya bi bayansa. Bokiti da soso da tsumma sun ishe ka.

Matsalolinka ba ciwo ɗaya ba ne, kar ka haɗa su. Fara da ƙarar nan don ina da yaƙinin ba ma daga fok ɗin take ba. Kama birkin gaba, ɗora yatsun ɗaya hannun a daidai inda wuyan fok ya shiga firam daga sama, ka tura keken gaba da baya. In ka ji wani abu na motsi a ƙarƙashin yatsunka to boris ɗin wuya ne ya saki. Sai ka sassauta notuna biyun gefen wuyan kan keken, ka ɗan ƙara ɗaure na saman murfin kaɗan kaɗan har motsin ya ɓace amma kan yana juyawa ba tauri, sannan ka mayar da na gefen ka ɗaure, yawanci 5 Nm, wato ƙarfin ɗaurin, ake rubutawa a jiki. Mutane da yawa suna ta murɗa na saman ba su sassauta na gefe ba, ba abin da zai yi sai dai ka lalata abin da ke cikin bututun. Wani lokacin ma fad ɗin birki ne kawai ke ɗan wasa a mazauninsa, don haka ka juya kan keken gefe gaba ɗaya ka sake jijjigawa ba tare da birki ba ka ji. In duk ka yi wannan kuma ka sa yatsa a bakin sil ka ji sandar da kanta tana kaɗawa a cikin ƙafar, to bushin, zoben da sandar ke zamewa a cikinsa, shi ne ya ci, wannan kam ba aikin gida ba ne, akwai ƙarfen da ake cire shi da sa shi da shi.

Gajartar kuma ga yadda abin yake. Ɓangaren iskar ɗaki biyu ne, na sama da kake bugawa da famfo, da na ƙasa mai ja da baya wanda shi ne ke sa farkon motsi ya yi laushi. Akwai wani ɗan lotsi ƙarami a cikin sandar, duk sanda fistin ya wuce ta wajen sai iskar ɗakunan biyu ta daidaita. In giris ko datti ya toshe lotsin sai na ƙasa ya riƙe iska ya tsotse fok ɗin ya yi ƙasa. Buga iskarka yadda ka saba, ka sa wani ya danne tayar da ƙarfi kai kuma ka fizgi kan keken sama, sau biyu sau uku, wani lokacin za ka ji ɗan tsss sai ka ga ya miƙe.

Taurin da baƙin zoben kuwa sabis yake nema ba wani abu ba. Kamfanin fok na RockShox cewa suka yi a yi wa ƙafafun ƙasa, wato bututun da sandunan ke shiga, sabis duk awa 50 na hawa, kamfanin Fox kuma suka ce cikakken sabis duk awa 125 ko shekara ɗaya. Naka ya kusa shekara uku. Lissafa da kanka.

MaiAlanki:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni bari in shiga maganar buɗewar, don gsky sabis ɗin ƙafafun ƙasa bai kai saita giyar baya wuya ba, tsoro ne kawai. Ni wando nake ce wa ɓangaren ƙasan nan, cire wando za ka yi ka wanke ka mayar, ba za ka taɓa zuciyar fok ɗin ba.

Amma nemo samfurinsa tukuna, kar ka zuba mai da ka. Duba bayan kafaɗar fok ɗin inda sandunan biyu suka haɗu, in RockShox ne akwai lamba a wajen, ka sa ta a shafinsu na TrailHead zai faɗa maka ko wane ne da shekararsa. Fox kuma ƴar lamba ce mai harafi 4 a jikin sitikar ƙafa. Da wannan za ka sauke littafin sabis ɗinsa kyauta, a ciki za ka ga irin man da yawansa. Wannan ba abin wasa ba ne don bambancin da yawa, wani fok ɗin 5 ko 6 ml yake sha a ƙafa, wani 10, akwai na Fox da ɓangaren damfa, wato na dama mai rage saurin motsin fok da mai, ke shan 40 ml. In ka cika da yawa fok ɗin ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, man zai tokare shi. Kuma in ka ga ashe irin SR Suntour XCT ko XCM ne mai sifirin to su ba ruwansu da mai a ƙafa, giris ne kawai, amma tunda ka ce famfo kake sa masa ba su ba ne.

Abin da za ka tanada bayan wanda kake da shi: man fok ɗin, giris mara kauri na shok irin Slickoleum ko SRAM Butter, sifirit na isopropyl, sirinji, hamar roba, tsumma mara gashi, wata doguwar sanda siririya, roba ta tarar mai, da sababbin washa na notunan ƙasa. Tunda naka ya jima haka ka sayi saitin sil da soson ciki gaba ɗaya, ka auna kaurin sandar, sil ɗin da kaurin ake sayensa.

Cire taya, kwance kan birkin gaba ɗaya daga jikin ƙafar ka ɗaure shi can a jikin firam nesa da inda mai zai zuba. Rubuta psi nawa famfon ya nuna iskar da ke ciki, ka ƙirga ƙyas nawa jan madannin nan na ƙasan ƙafar dama yake daga rufe, shi ne mai saita saurin dawowa, don ka mayar da shi yadda yake. Sai ka saki iskar DUKA. Na rubuta da manyan baƙi da gangan. Sake ta a hankali da ɗan madannin jikin famfon, sannan ka danna bawul ɗin da ƙaramin alanki ka tabbatar ba saura.

Cire jan madannin, wani zarewa kawai ake yi wani akwai ɗan mitsitsin noti a gefensa, kar ya faɗi ya ɓace maka. Notunan ƙasa biyu, a RockShox alanki 5 ne. Kar ka cire su gaba ɗaya, warware su zagaye uku ko huɗu ka bar su a ciki, ka bar alankin a kan notin ka buga da hamar roba har ka ji notin ya shige ya zauna, wato sandar ciki ta saki daga mazauninta. A nan kowa yake tsorata don gani yake kamar zai fasa wani abu, buga dai da ɗan ƙarfi, sau ɗaya mai kyau ya fi goma na tsoro. In duka biyun sun saki sai ka ƙarasa cire notunan, ka tara roba, ka ja wandon ƙasa. In ya ƙi fitowa to ɗaya bai saki ba, mayar da noti ka sake bugawa, kar ka yi ta ja da ƙarfin tsiya.

Kalli abin da ya zubo da kyau. In ka ga ɓangaren dama ya zubo da mai mai yawa fiye da abin da littafin ya ce, to damfa ce ke yoyo cikin ƙafa, wannan wani aikin ne daban, ka dawo mu yi magana.

Ƙarƙashin kowane sil akwai zoben soso, zaro shi da ɗan tsinke. Fesa sifirit a cikin ƙafafun, naɗa tsumma a jikin sandarka ka zura ka goge har tsumman ya fito fes, ka bar shi ya bushe. Cire tsohon sil da bakin sifana ake yi a ɓanɓaro shi, amma sa tsumma a inda sifanar za ta jingina don ƙafafun nan magnesium ne, ba su da wuyar jin ciwo, kuma kar bakin sifanar ya karci bangon ciki. Sabon kuma ya shiga a miƙe, akwai robar buga shi da ake sayarwa, in babu ka nemi guntun bututun roba da ya yi daidai da gefen sil ɗin. Jiƙa sabon soson a cikin man fok har ya ƙoshi ka sa shi a mazauninsa, shafa giris kaɗan a leɓen sil daga ciki.

Wajen mayarwa ka kula sosai kar leɓen sil ya naɗe ciki ko ɗan zoben sifirin ɗin bakinsa ya fita. Zura wandon rabi kawai, ka juya fok ɗin ƙafafun su kalli sama kaɗan, ka zuba man da sirinji ta ramin noti. In ka tura wandon har ƙarshe kafin ka zuba, sandar ciki za ta toshe ramin, man ya shige cikinta ko ya dawo maka a hannu. Bayan nan ka tura har ƙarshe, sabuwar washa, ɗaure noti, wajen 7 Nm ne a yawancin RockShox amma bi littafinka. Notin da ke da rami a tsakiya na ɓangaren jan madanni ne kar ka musanya. Buga iska kaɗan kaɗan, duk bayan psi 30 ko 40 ka danna fok ɗin sau biyar shida don ɗakunan nan da Baba ya faɗa su daidaita.

Damfa kam kar ka buɗe ta a karon farko. Ba don ba za ka iya ba, amma ba ita ke damunka ba yanzu.

Ɗan_Gangara:

Hhhh ku dai kuna son wahalar da yaro da sunayen mai. Oga ni shekara uku baƙin man mota sabo nake zubawa a ƙafafun nawa kuma ko gezau, shi kansa man RockShox ɗin ai 0W-30 aka rubuta a jikinsa, to meye bambancinsa da na mota? Ni abin da zan ƙara kawai, duk sanda za ka fita ka kifa keken ƙafa sama na minti biyar zuwa goma, man zai gangaro ya jiƙa soson nan, za ka ji bambanci nan take. Sannan in iska ta taru a cikin ƙafa ka zura bakin ƴar igiyar robar ɗaure waya a hankali tsakanin sil da sanda, za ka ji ta yi tusa ta fita. Shi ke nan ba wani dogon turanci.

MaiAlanki:

Ɗan_Gangara maganar kifa keke da ta igiyar roba gaskiyarka ne, sai dai a goge wajen tas kafin a zura kar a raka ƙasa ciki. Maganar man mota kuma ba zan ce ƙarya kake ba, na san masu yi da yawa kuma a ƙafa aikin man shafawa ne kawai. Amma lambar kauri ce ta zo ɗaya, abin da aka haɗa a ciki ba lallai ya zo ɗaya ba, wani man motar akwai sinadarin da ke kumbura roba a cikinsa don hana tsohon inji yoyo, in ya kumbura maka sil taurin da kake gudu shi za ka dawo wa. Ga shi abin da ake zubawa bai fi cikin sirinji ɗaya ba, kwalba ɗaya sai ta yi maka sabis nawa. Mutumin da zai buɗe karon farko gara ya sa abin da aka rubuta, in wani abu ya faru ya san ba daga mai ba ne. A damfa kuwa kar ma a fara, can kaurin man shi ne aikin gaba ɗaya.

Tunda ana faɗin laifi bari ni ma in faɗi nawa. Ranar da na fara yi ƙiwa ta hana ni kwance kan birkin, na ce ai zan kula. Ɗigo biyu kacal suka sauka a kan fad ban ma gani ba. Na gama ina ta murna fok ya yi laushi kamar sabo, na hau na nufi gangara, na kama birkin gaba sai wata ƙara kamar ana yanka jaki kuma keken ko a jikinsa, tafiya kawai yake, da na baya da ƙafa na tsaya a cikin ciyawa. Fad in ya sha mai ya tafi ke nan, na goga shi da samfefa na wanke da sifirit duk a banza, sai da na sa sabo na wanke faifan sau uku. Shi ya sa na ce ka ɗaure shi nesa.

Sabon_Hawa:

Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka da alheri.

Baba ƙarar nan wlh boris ɗin wuya ne, kwatan zagaye kawai na ƙara wa notin sama ta ɗauke ɗif, wata biyu ina zargin fok a banza. Fizgar kuma sai a karo na huɗu na ji tsss ɗin, ya dawo 120 har da ɗan ɗori.

Na samo lambar na sauke littafin, kaya suka iso na buɗe jiya. Wajen bugun nan sai da na yi kusan minti ashirin ina ɗan taɓa shi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, daga ƙarshe na rufe ido na ba shi ɗaya mai kyau ya saki. Abin da ya zubo daga hagu ba zan kira shi mai ba, wani ruwa ne ruwan toka kamar na kwata bai fi ɗigo goma ba, dama kuwa ko ɗigo, a bushe take ƙayau. Soson ciki ya zama baƙi ƙirin ya ƙanƙance, da na matsa shi tsakanin yatsu yashi nake ji. Wajen mayarwa leɓen sil na dama ya naɗe kamar yadda ka ce oga MaiAlanki, Allah ya sa na gani na zare na sake, na biyun na ɗan karkata wandon ɗaya ta fara shiga sannan ɗayar. Duka aikin awa biyu da rabi, rabinsa neman ɗan notin jan madanni ne da ya faɗi ƙasa duk da gargaɗin da aka yi min.

Na saita iskar yadda in na hau na tsaya a kan feda zoben robar jikin sandar yake sauka 24mm, kashi 20 cikin 100 ke nan na 120 in lissafina daidai ne. Yanzu nauyin hannuna kawai in na ɗora a kan keken sai ya motsa, ban taɓa sanin haka yake ba ko ranar da na saya.

Saura abu ɗaya. Da na wanke sandar hagu na ga wani karce siriri kamar 4mm a daidai inda take shiga sil, farcena yana kamawa in na bi ta kai. Ina jin shi ne ke jawo baƙin zoben nan. Ya zan yi da shi kar ya yanka min sabon sil?

Tsohon_Feda:

Madalla ƙanena. Karcen nan kar ka hau da shi haka, gefensa da ya taso shi ke yanka roba. Zagaye wajen da tef ka bar karcen kaɗai a buɗe, ka samu samfefa mai laushi sosai ta ruwa, lamba 1000 ko sama, ka jiƙa ta ka bi kan tudun a hankali har farcenka ya daina kamawa, tudun kawai za ka kwantar ba fentin sandar za ka ci ba. Wanke da sifirit, ka cike ramin da ɗigon jan farce mara launi ko gam ɗin epoxy mai haɗi biyu, shi ya fi daɗewa. Bar shi ya kwana ya bushe sosai, kar ka yi gaggawa, washegari ka sake bi da 1500 ko 2000 har ya yi daidai da jikin sandar, in ka rufe ido ka shafa ba ka jin inda yake. Bayan hawa biyu uku ka duba, in zoben man ya daina fitowa shi ke nan, in jan farcen ya ɓalle ka sake da epoxy.